Yadda Huraira ta Kazage ta Hana 'Yarta Yajin Jego

A Kazage, zamanin da mata ba sa shiga daji tsintar kaɗanya sai da maza masu baka gaba da baya saboda mahara, an yi wata mata ana ce mata Huraira. Ba 'yar sarauta ba ce, ba 'yar malamai ba, karatunta bai wuce na salla ba. Sana'arta man kaɗe. Ta tsinto, ta dafa, ta shanya, ta soya, ta niƙa, ta yi ta bugu har mai ya taso fari sol a bakin ƙwarya. Gajera ce mai ƙarfin damtse, ba ta da yawan magana. In ana hira a tsakar gida hannunta na kan aiki, idonta na kan mutane. Ita za ta ce a duba yaron wane, tafiyarsa ta sauya, a je a tarar ƙaya ce ta karye masa a tafin ƙafa yana ɓoyewa.

Mijinta Abarshi falke ne mai jakai. Da an gama girbi sai ya ɗaura man kaɗe da ƙarfen maƙeran garin, ya bi ayari zuwa Zariya, wata shekarar har Kano, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Duk dawowarsa kuma da wani abu yake dawowa wanda ba ya cikin kayan jakai. Huraira ke wanke masa tufafi, don haka ita ta sani. Jini ne, ja wur kamar na sabon yanka, ɗigo-ɗigo a bayan wando. Bai gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ido kawai ta sa.

Ta lura abincin hanya busasshen nama ne da ƙuli-ƙuli da barkono, ruwa kuwa sai an ci sa'a. Ta ji yana faɗa wa abokansa ayari ba ya jiran mai kewayawa, mutum ya riƙe abinsa tun safe, in ya sami dama ya yi ta yunƙuri cikin gaggawa. Ta kuma lura in damina ta zauna, ana cin miyar kuɓewa da kwaɗon rama da tafasa, sai ɗigon ya yi ta raguwa har wando ya dawo fes. Daga nan ba ta sake bari ya dawo tafiya ya tarar da busasshiyar miya ba.

Sau ɗaya tak ya buɗe baki a kan maganar. Ya tarar da ita tana cuɗa wandon da toka a bayan ɗaki, ya ce, "Basur ne, Huraira, irin na ciki. Wani wanzami a Zariya ya ce min jijiyoyin jini ne a cikin dubura suke kumbura, in bayan gida ya yi tauri sai ya karce su. Ba ya ciwo, zuba kawai yake. Ki rufa min asiri, kada fatake su mai da ni abin dariya."

Ta ce, "Na rufa, Malam."

Ta kuwa rufa. Har zazzaɓi ya ɗauke shi wata damina, har ta fita takaba, har furfura ta cika mata kai, ba mahaluƙin da ya ji daga bakinta.

'Ya'yanta da suka rayu duk sun watsu gidajen aure. Ta ƙarshensu ana kiran ta Auta, sunan ya bi ta har aka manta na yanka. Ita aka kai ƙauyen Tabanni, gidan wani manomi Ƙasimu. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gaban uwarta, kamar yadda aka saba. Naƙudar ta yi tsawo, amma Allah ya sauke ta lafiya, ta sami ɗa namiji, aka sa masa Ja'afaru.

Tun kafin suna uwar Ƙasimu ta iso daga Tabanni. Mairo ke nan, doguwa mai babbar murya, tun daga zaure aka san ta zo.

"Salamu alaikum, masu gida! Ina angon nawa? Ku miƙo min shi in gani, ko ya yi mutanen Tabanni ko kuwa an cuce mu."

Huraira ta miƙa mata jaririn, ta ce, "Ga shi, Yaya Mairo. Hancin dai naku ne, ba mai ja da ku."

"Hanci kawai? Dubi goshin nan. Ku dai kun ba da aron ɗaki ne."

Ta zo da abin da dangin miji ke kawowa: itacen wanka, kanwa, ƙafafun sa na ƙauri, da wata tukunya da aka ɗaure bakinta da fata. Yajin jego ne, ita ta daka da hannunta, barkono da citta da masoro da kimba. A Tabanni an san yajin Mairo, in aka buɗe shi har maƙwabta sai sun yi atishawa. Ta ce ba za ta koma ba sai an gama wanka, ita za ta riƙa yi wa matar ɗanta.

Ba ƙeta ta kawo ta ba. Tana da ƙanwa, Huseina, da jini ya ƙi tsaya mata bayan haihuwa har ta rasu, aka ce sanyi ne ya shige ta don ba a gasa ta da kyau ba. Tun daga ranar Mairo ta ƙudurta ba maijegon da za ta yi sanyi a hannunta. Safe da yamma tana tafasa ruwa, tana tsoma ganyen runhu tana fyaɗa wa Auta a jiki. A hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Tuwo da gasasshen nama, a zuba yaji har ya rufe su. Ruwan sha kuwa kurɓi ɗaya, mai zafi, ta ce yawan ruwa shi ke jawo sanyi.

Aka yi suna, aka watse, kwanaki suka yi ta tafiya. Lokacin da ya kamata jinin biki ya ɗauke ya zo ya wuce, amma kullum aka tambayi Auta sai ta sunkuyar da kai ta ce tana gani. Mairo ta dafe ƙirji.

"Na faɗa! Sanyi ne. A ƙara itace, a ƙara yaji."

Aka ƙara. Auta ta fara ramewa. Tafin hannunta ya yi fari, in ta miƙe sai ta dafa bango saboda jiri. Nono ya ragu, Ja'afaru ya yi ta tsotso yana saki yana kuka. Ga shi ba ta salla, tunda kowa ya ɗauka biki take. In aka kira salla Huraira ta ɗauki buta, sai ta ga idon 'yarta ya bi butar ya cika da ƙwalla.

Wankin tsumman maijego na uwa ne, Mairo ba ta taɓa shi. A nan Huraira ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Tsumman da Auta ke kwana da su sun bi hanyar da ta sani tun haihuwarta ta fari: ja, sannan baƙi-baƙi, sannan ya koɗe, sannan babu komai. Sun daɗe da tsarkaka. Amma a gefen zane, wurin da ake kamawa in an tsuguna, ga ɗigo ja wur, sabo. Ta riƙe zanen a hannu tana kallo har ruwan ƙwarya ya daina motsi. Ta san ɗigon nan.

Da 'yarta ta fari ce, wadda ko sunanta ba ta faɗa don kunya, da bakin ba zai buɗu ba. Amma Auta ce, wadda ta girma a gindin turminta suna hira. Da hantsi Mairo ta shiga maƙwabta gaisuwa, Huraira ta zauna bakin gado.

"Auta, zan tambaye ki, kada ki rufe min fuska. Jinin nan, kina kwance yake zuwa ko kina tafiya?"

"Ni dai ina ganin sa, Inna."

"Yaushe?"

Auta ta ce, "Sai na kewaya."

"Ta gaba ko ta baya?"

Auta ta ja zane ta rufe kai. "Haba, Inna!"

"Ni na wanke miki wurin nan tun ba ki san sunansa ba. Faɗa min."

Daga cikin zanen murya ta fito ƙasa-ƙasa. "Wa ke dubawa? An ce biki ne, na ce biki ne. Amma ina jin ta baya ne."

"Cikinki na murɗawa? Akwai majina a ciki, irin ta atuni?"

"Babu. Jinin ma ba ciwo. Bayan gidan ne kamar tsakuwa, sai na yi ta nishi kamar zan sake haihuwa. In ya fita kuma yajin nan ya yi ta ƙuna kamar an sa min garwashi. Shi ya sa nake riƙewa har sai na kasa. Wani lokaci ina jin wani abu ya leƙo, in na tashi ya koma da kansa. Inna, mahaifata ce ke fita?"

Huraira ta yaye zanen, ta kama hannunta. "Mahaifarki na inda Allah ya ajiye ta. Basur ne. Nauyin ciki da yunƙurin naƙuda suka tayar da shi, mu kuma muka yi ta hura masa wuta."

Ta fito tsakar gida tana tunani. Gane ciwon bai kai abin da ke gabanta wuya ba. Hana maijego yajin da dangin miji suka kawo daidai yake da mayar musu da kyautarsu a gaban gari. Tana iya yin dabara, ta riƙa kaɗe yajin a ɓoye, amma Mairo ce ke zubawa da hannunta, ta tsaya a kai har a cinye. Sai ta ɗauki tukunyar yajin da hannu biyu, ta jira. Da Mairo ta dawo ta zauna kan tabarma, Huraira ta durƙusa ta ajiye ta a gabanta.

"Yaya Mairo, alfarma nake roƙo. A dakata wa yarinyar nan da yaji. A bar ta ta sha ruwa, ta ci miyar ganye."

Mairo ta dubi tukunya, ta dubi Huraira. "Me na ji? Maijego ba yaji? Yajin nawa ne bai yi muku ba, ko mu ne ba mu yi muku ba?"

"Wallahi ba raini ba ne. Jinin biki ya ɗauke tuni. Wannan na basur ne, ta baya yake fita."

Ta kawo tsumman da zanen ta shimfiɗa. Mairo ta kawar da kai.

"Kwashe min wannan daga gabana. Basur! Ciwon mahaya da fatake ne, ina ruwansa da yarinya ɗanya? Kuma mai basur ba ya iya zama, na ga masu shi, da gefe ɗaya suke zama suna cije baki. Wannan kuwa ga ta zaune daram."

"Wancan na waje ne, mai tsiro. Na ciki ba ya hana zama."

"Ke ungozoma ce ko wanzamiya? Mai man kaɗe na san ki. Na binne Huseina da idona, ba zan binne wata ba. Yau zan aika Tabanni yaron nan ya zo da jaki ya ɗauki matarsa. In gasa ta a ɗakina, inda ba mai ajiye min tukunya a gaba."

Ta miƙe tana naɗe tabarma. Huraira ta san ba barazana ba ce. In aka tafi da Auta, wuta da yaji za su ninku, ruwa ya ƙara nisa, ita kuma ba ta da bakin magana a gidan surukai. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne wanda ta yi alkawarin rufewa. Ta ce a ranta, Malam ka yafe min, 'yarka ce.

"Yaya Mairo, zauna ki ji inda na san shi. Uban yarinyar nan da shi ya rayu."

Mairo ta tsaya da tabarma a hammata. "Abarshi? Mutumin da ke tafe kamar ingarma?"

"Shi. Shekara da shekaru ina wanke wannan ɗigon. Na ga abin da ke kawo shi, na ga abin da ke kwantar da shi. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Ke ce ta farko, kuma ba don kin fi ƙarfina ba, da zan mutu da shi a ciki."

Mairo ta san mace ba ta tona asirin mijinta da ke kabari don gardamar yaji. Ta sauke tabarmar, ta jawo zanen da ɗan yatsa, ta duba ɗigon da kyau.

"Na Huseina ba haka yake ba," in ji ta a hankali. "Nata guda-guda yake fita, da wari, jikinta kamar wuta." Ta ja numfashi. "To. Na ba ki zuwa tsayuwar wata. In ba ta tashi ba, da ita zan tafi, ko za ki kwanta a ƙofar zaure. Wanka kuma ba fashi, wannan nawa ne."

"Wanka naki ne, Yaya."

"Maganar Abarshi kuwa, ban ji ba."

Ranar Huraira ta kaɗa miyar kuka mai laushi, ba barkono. Gobe kuɓewa, jibi kwaɗon zogale. Ta dama kunun tsamiya ruwa-ruwa, ta ajiye tulun ruwan ɗumi kusa da gado ta ce a sha ko ba ƙishi. Ƙaurin Mairo ta dafa shi har ya narke, ta nemo hanta wurin mahauta saboda jinin da aka rasa, ta tsayar da wata Bafillatana ta riƙa kawo nono. In Auta ta kewaya ta dawo, a zaunar da ita cikin kaskon ruwan ɗumi, sannan ta shafa man kaɗe. Ta kafa mata doka: in abu ya zo kada ta riƙe, in bai zo ba kada ta zauna tana yunƙuri.

Labari ya fita. Matan unguwa suka riƙa shigowa barka ta biyu don su gani da idonsu. Wata ta leƙa akushi ta ce, "Ikon Allah, jego da miyar marasa haƙora!" A bakin rijiya aka ce Huraira ta raina surukai, aka ce za ta kashe 'yarta da sanyi. Ta ji duka, ta ɗauki tulunta ta wuce.

Kwanakin farko ɗigon bai fasa ba. Kullum da magariba sai Mairo ta fito ta ɗaga kai ta dubi sama, ta tabbatar Huraira ta gan ta. Huraira kuwa ta yi ta addu'a a sujada, don ta san ba a hannunta warakar take ba. Sai wata safiya Auta ta dawo daga bayan gida tana murmushin kunya, ta raɗa mata, "Inna, yau ban yi nishi ba." Ɗigon ya koma ɗis, ya koma sai an duba, ya ɓace. Jirin ya fi daɗewa, amma nono ya dawo har yana jiƙa zane, Ja'afaru ya koma barci yana sakin baki.

Tun da ta gane ciwon Huraira ta je wurin matar liman ta ce a tambayar mata liman. Amsa ta dawo cewa in jinin biki ya ɗauke, wanda ke fita ta baya ba ya hana salla, ta wanke wurin ta yi wankan tsarki. Da azahar Auta ta yi wanka, ta fuskanci gabas. Raka'ar farko a zaune ta yi, ta biyu ta miƙe. Huraira na bakin murhu tana juya tuwo, ta juya baya don kada a ga fuskarta.

Da wata ya tsaya ba a aika Tabanni ba. Mairo ta ce wa matan unguwa, "Kun ga aikin wankana? Hannuna ba ya ƙarya." Huraira ta ce, "Gaskiya ne, Yaya," ta ci gaba da tankaɗe. Da aka gama wanka Ƙasimu ya zo da jaki, amma kayan kawai aka ɗora wa jakin. Auta ta goya ɗanta, ta ce ƙafarta ta ishe ta, ta bi bayan uwar mijinta suka kama hanya.

Ciwon bai rabu da ita ɗungurungum ba. A cikinta na biyu ya sake leƙowa, amma ta san shi, ta san abin yi, ba wanda ya tsorata. Daga bakinta matan Tabanni suka ji, daga nasu na Kazage suka ji. Sai ya zama mace ta zo sayen man kaɗe, ta saya, ta ƙi tafiya, tana murza bakin mayafi. Huraira ta sallami yara, ta ce, "Zauna. Ta gaba ko ta baya?" Wata don kanta ta zo, wata don miji. Ba ta taɓa cewa ta iya magani ba. In aka ce mata jinin baƙi ne, ko ya cakuɗe da bayan gida, ko mutum na ramewa ba dalili, sai ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba basur ba ne, ya fi ƙarfin miyata. Ku nemi wanda ya fi ni sani, kada ku zauna."

Ta tsufa ƙwarai, har hannu ya kasa bugun mai, jikoki suka karɓa. Matan da suka zauna a gabanta suna murza mayafi suna da yawa, amma ba a taɓa jin sunan ko ɗaya daga bakinta ba. Ranar da ta rasu gidan ya cika da mata har waje, wasu daga ƙauyukan da 'ya'yanta ba su san ta da kowa ba. Allah ya haskaka makwancinta, ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinsa.